Hoton ƙwaƙwalwa da gigin tsufa: abin da aiki ya koya mini

Idan aka kawo mini tsoho aka ce gigin tsufa ne, ba na tura shi ɗaukar hoto sai na zauna da mai jinyarsa, yawanci matarsa ko 'yarsa. A hankali abin ya zo, ko rana ɗaya aka wayi gari da shi? Amsarta ce ke nuna mini inda zan sa ido a hoton.

Abin da nake fara nema shi ne ciwon da ke da magani. An taɓa kawo mini wani dattijo, tafiya da ƙyar kamar an manne ƙafafunsa da ƙasa, fitsari na ƙwace masa, ga mantuwa. An sha rubutu har an gaji. Hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da hasken X-ray, ya nuna ruwa ya taru, ya buɗa ramukan tsakiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin tiyata suka sa masa siririn bututu mai kai ruwan daga ƙwaƙwalwa zuwa cikinsa. Tafiya ta gyaru, mantuwar kuwa raguwa kawai ta yi. Haka jinin da ke kwantawa cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita: CT ya isa ya kama shi, kuma ya fi MRI, hoton da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, araha nesa ba kusa ba.

Sauran sai MRI. A cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa, sashen ajiyar sabon tunani, hippocampus, shi ke motsewa, muna auna motsewar daga 0 zuwa 4. Mai hawan jini da ya yi shekaru yana wasa da magani kuwa, fararen tabo ne barkatai, alamar ƙananan jijiyoyin jini sun lalace. Sau da yawa duka biyun nake tararwa a kai ɗaya, kuma iyalai ba sa son jin haka, suna so a ba su suna guda.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce nau'in gigin tsufa da ake kira Lewy, don hotonta kan fito kusan lafiya lau. Baba na ganin yara a ɗaki, babu kowa, yau garau gobe a ruɗe, sai gida a ce iska ce. In aka ba irinsa haloperidol, maganin masu taɓin hankali, don ya natsu, jikinsa na iya sandarewa, har ta kai ga rai. Labarin gida ne ke tona ta.

Kwanciya cikin na'urar MRI kusan rabin awa, ga ƙara, aiki ne ga mutumin da ya ruɗe. Nakan sa 'yarsa ta cire ɗankunne, awarwaro da waya, ta shiga ta riƙe masa ƙafa tana cewa "Baba, saura kaɗan." In ya ƙi kwanciya, mu koma CT, minti biyar an gama.