Ranar da na fasa tafiya Jado

A shekarar 2014 babu fadar da za ka zauna a Damagaram ba ka ji maganar Jado ba. An ga zinari a can, cikin hamadar Kawar a arewacin Nijar, gaba da garin Dirku, kuma kowa na da labarin wani da ya tafi da silifa ya dawo da mota. Mu biyar a fadarmu ta samari a unguwar Zango muka haɗa kuɗin na'urar neman zinari. Kasona jika 200 ne, wato sefa dubu 200, sai da na sayar da babur ɗin da nake kabu-kabu da shi.

Saura kwana huɗu mu kama hanyar Tanut zuwa Agadas, barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini dutse. Na ce wa kaina tsoro ne, tunda ba a cika shekara ba da mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya. Amma na san halina, hanya ba ta cika ba ni tsoro ba.

Inna ce ta lura tuwo ba ya shiga. Ta ce, "Ɗan nan, jikinka bai ba ka tafiyar nan ba."

Na ce, "Inna, ai na riga na ba da kuɗi."

Ta ce, "Kuɗi ka ba su, ba ranka ba. Yi istihara, ka samu wuri ka zauna kai kaɗai."

Zama kai kaɗai abu ne mai wuya a garinmu, wanda ya keɓe sai a fara tambayar ko lafiya. Bayan la'asar na hau duwatsun Birni, na kashe salula, na tambayi kaina me nake nema a Jado. Ranar farko amsa ɗaya na samu: kuɗi. Kashegari na koma, na ƙi yarda da amsar, na yi ta tono. Sai abin da na binne ya fito. Ƙanena ya yi aure kafin ni, kuma tun ranar ɗaurin auren ban iya haɗa ido da Baba ba. Idon mutane nake gudu. Abin da ya fi girgiza ni shi ne na gane in ban samu komai ba, kunya ba za ta bar ni in dawo gida ba, Libiya zan zarce. Zuciyata ta daɗe da sanin haka, ni ne na ƙi saurare. Na yi kuka sosai a kan dutsen nan.

A makarantar dare mun karanta hadisin da Annabi (SAW) ya ce wa sahabinsa Wabisa ya tambayi zuciyarsa. Neman zinari ba zunubi ba ne, amma a kwanakin nan na koyi rarrabe abu biyu da nake ɗauka ɗaya ne. Tsoro yana gushewa da na shiga fada aka zuba shayi ana dariya. Wancan nauyin kuwa yana nan cikin mutane, yana nan bayan sallar asuba, bai sauka ba sai da na faɗa wa kaina gaskiya.

Na gaya wa abokaina na fasa. An kira ni matsoraci, rabin kuɗina kawai aka maido mini. Ɗaya cikinsu ya dawo ya gina gida, na taya shi murna har cikin raina. Biyu sun dawo da bashi. Ni na karɓi babur na haya na koma bakin Kasuwar Dole.

Bayan wata biyu na samu Baba a zaure, na gaya masa abin da ke cina game da auren ƙanena. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi bai taɓa lissafa wa ya riga wa ba. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.