Na Shiga Ƙarƙashin Gadar Garinmu

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da gulbi ya janye har yara na buga ƙwallo a kan yashi, na roƙi kawuna ya kai ni ƙarƙashin gadar garinmu da jirginsa. Shi masunci ne, cikin ruwan nan ya tsufa. Ni kuwa ɗaurin rodi ne sana'ata, shekara 22 ke nan ina lanƙwasa ƙarfe ana zuba masa kankare. Abin da ya tayar da ni shi ne gardamar da ta cika majalisu da teburan masu shayi: wasu na cewa a gyara gadar, wasu na cewa a rushe ta a yi sabuwa. Duk wanda na tambaya ko ya taɓa leƙa ƙasanta sai ya ce a'a. Kowa ramukan kwalta da karyayyen ƙarfen gefe yake gani, don su ne a gaban ido.

Gadar nan ta girmi Jihar Kebbi. Tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke mu a 1991, take ɗauke da mu. A kanta na koyi keke, ta kanta aka kawo mini amarya, ta kanta muka bi da gawar mahaifina zuwa maƙabarta. Don haka ba da sanyin zuciya nake maganarta ba.

Da muka isa ginshiƙi na uku, wanda ke tsakiyar ruwa, Kawu ya tsayar da jirgi ya zura doguwar sandar da yake tuƙi da ita. Nesa kaɗan da ginshiƙin, ruwa bai kai ƙugu ba. Da ya matso jikinsa ta ɓangaren da ruwa ke bugowa, sai sandar ta nutse kusan duka. Ya dube ni ya ce, "Ka gani, ɗana? Ruwa ba shi cin gada daga bisa, daga ƙasa shika ci. Lokacin da anka gina ta, nan wurin tsaye muka kamun kifi."

Abin da ya nuna mini da sanda shi injiniyoyi ke kira zaizayar gindin ginshiƙi, kuma ita ce kan gaba wajen kayar da gadojin kogi. Idan ruwa mai gudu ya ci karo da ginshiƙi, sai ya murɗa ya yi ƙasa yana haƙa kamar mai tonon rijiya. Da damina ramin na zurfafa. Idan ruwa ya lafa, laka mai taushi ta cike shi, mai kallo daga sama ya ɗauka lafiya lau. Kututture da ciyawa da ledojin da ke maƙalewa a jikin ginshiƙi suna ƙara masa faɗi, haƙar ta ƙaru. Sannan ga masu tifa da ke kwasar yashi dab da gadar ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa. Ba na zagin su, abincinsu suke nema, kuma da yashin nan nake cin abinci ni ma. Amma duk ramin da aka bari a wurin, gulbi zai ciko shi da yashin da ya jawo daga sama, wato daga gindin ginshiƙan.

Na miƙe tsaye cikin jirgi na ɗaga kai. Nan kuma fagena ne. A ƙarƙashin dakalin, kusa da mahaɗar da ke tsakanin gaɓar dakali ɗaya da ta gabanta, kankare ya ɓamɓare wuri mai faɗin faifai, rodi 4 a waje, jajaye wur da tsatsa. Na kai hannu na murza ɗaya, ɓawon tsatsa ya zubo mini a tafi kamar garin kuka. Rodi na zaman lafiya ne muddin kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 4 zuwa 5. Da zarar ruwa ya sami hanya ya kai gare shi, sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take ta ninka ƙarfen da ta ci, ta tura kankaren daga ciki har ya fashe. Na ɗauko ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya ƙara take yi tangararan. Inda ya rabu da ƙarfe sai ka ji ɓuf-ɓuf kamar kana dukan ƙwarya. Na sami irin wannan wuri 6 a iya inda hannuna ya kai.

Daga ina ruwan ke shigowa? Daga sama. Ƙananan kafofin da aka yi wa gadar don ruwan sama ya zube duk ƙasa ta toshe su, har ciyawa ta tsiro. Mahaɗar da aka bari don gada ta miƙe da zafi ta tsuke da sanyi, an bi ta da kwalta an shafe a wani facin da aka yi. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin aikin mutum biyu ne da shebur da tsintsiya sau biyu a shekara.

To, gyara ko sabuwa?

Facin sama dai a cire shi daga lissafi. Kwalta da fenti ba su taɓa ƙarfafa ginshiƙi ba. A garin Morbi na ƙasar Indiya, an buɗe wata tsohuwar gada bayan an ce an gyara ta, kwanaki kaɗan tsakani ta tsinke ranar 30 ga Oktoban 2022, mutum sama da 130 suka mutu, aka tarar wayoyin da ke riƙe da ita sun yi tsatsa.

Gyara na gaske yana yiwuwa, kuma na taɓa aiki a irinsa. A sassaƙe ruɓaɓɓen kankare har a kai ga mai lafiya, a goge rodi, a ƙara sabo inda ya sirance, a mayar da rufi. A yi wa ginshiƙi riga ta sabon kankare. A ɗaga gaɓoɓin da jak a canza matasan roba da suke zaune a kai. A zuba manyan duwatsu ko kejin waya cike da dutse a kewaye gindin. Kuɗinsa bai kai na sabuwa ba, kuma ba sai an tashi gidan kowa ba. Sai dai akwai abu biyu da gyara ba ya yi. Ba ya faɗaɗa gada, ga tamu da ƙyar manyan motoci biyu ke giftawa, mai tafiya a ƙasa sai ya manne da ƙarfe. Ba ya kuma mayar da ita ta ɗauki nauyin da ba a gina ta dominsa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma samu manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, tirelolin shanshera da taki suka ƙaru a hanyoyinmu, ban da na siminti da na albasar Aliero. Muna ƙarƙashi wata ta wuce, na ji girgizar har cikin haƙorana, ƙura na zubo mana.

Masu cewa a rushe a sake gini a wurin suna da hujja: hanya ta riga ta miƙe, babu biyan diyya. Tambayata gare su ɗaya ce. Shekara biyu ko uku da aikin zai ci, ta ina za mu ƙetare? A Legas, da aka rufe gadar Third Mainland a watan Yulin 2020 don canza mahaɗai, ɓangare ɗaya aka rufe aka bar ɗaya, ga kuma wasu gadojin. Mu ita kaɗai gare mu. Asibiti na wannan ƙetaren, gonaki da rabin 'yan makaranta na wancan. Rufe ta na nufin komawa fito da kwale-kwale, kuma babu ɗan Kebbi da ya manta da Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a Kogin Kwara, 'yan kaɗan suka tsira. Hanyar wucin gadi ta ƙasa da kwalbati kuwa rani kawai take yi. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta shafe gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan, ko ta 2010 da ta cinye gadar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya san tulin jar ƙasa ba ya tare gulbi a watan Satumba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne a gina sabuwa a gefenta, a bar tsohuwar tana aiki har a gama. Haka aka yi a Onica, a kan Kogin Kwara: gadar 1965 na nan tsaye, ta biyu aka buɗe a 2023. Tamu sabuwar ta ɗauki tirela da tifa, a ɗaga ta sama da inda ruwan 2020 ya kai, a kafa ta kan turaku masu zurfi, a rage yawan ginshiƙan da ke cikin ruwa. Tsohuwar kuma a gyara mata ƙafafu, a kafa ƙarfe a bakinta yadda babbar mota ba za ta shiga ba, ta zama ta masu ƙafa da babura da amalanke da shanun Fulani. Na san wannan zai taɓa gidaje da lambunan bakin gulbi, cikinsu har da lambun surukina. A zauna da su tun kafin a ja layi, a biya su kafin katafila ta iso.

Amma ko wannan ra'ayin nawa yana jiran abu guda. Idan aka auna aka tarar ruwa ya riga ya shiga ƙarƙashin harsashin ginshiƙi na uku, to ko babur bai kamata a bari a kanta ba. Shi ya sa nake roƙon a kawo injiniyoyin gada da rani, su auna zurfin kowane gindi, su huda kankaren su gwada ƙarfinsa, a karanta wa jama'a sakamakon da Hausa a rediyo. Kafin nan, a hana ɗibar yashi kusa da ita, a buɗe kafofin ruwa, a riƙa sakin manyan motoci ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu juyo, na dama ɗan siminti a gwangwani na shafa a kan wata tsaga da ke jikin ginshiƙin, na rubuta kwanan wata da ƙusa. Idan tsagar na motsi, shafen zai tsage shi ma. Kawu kuma ya yi wa sandarsa tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya. Ya ce, "In Allah ya kai mu baɗi war haka, mu dawo da wagga sanda." Na ce, "To, Kawu, Allah ya kai mu."