Yadda na reni ƙwayoyin T cikin kwalba a Damagaram

Da hunturu ya kama a watan Disamba, na ƙudurta nuna wa ɗalibaina da idonsu yadda ƙwayoyin T na garkuwar jiki suke hayayyafa, domin na gaji da zana musu abin a allo. Da gangan na zaɓi lokacin sanyi, saboda akwatin renon digiri 37 yake riƙewa, kuma ɗumamawa kaɗai ya iya. A watan Afrilu kuwa, da zafin Damagaram ke haura digiri 40, kuran na ɗaukewa ɗakin ya zama tanderu, aikin ya dafe.

Daga hannuna aka ɗebi jinin. Muka ware fararen ƙwayoyin, muka zuba su cikin ruwan reno mai launin ja-ja, na ɗiga musu intalukin-2, wato IL-2, sitokin ɗin (furotin mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyi) da Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo suka bayyana a Amurka a 1976. Kwana uku muna leƙa madubi, ƙwayoyin suna kwance ɗai-ɗai, ƙanana, ba su ce uffan ba. Har na fara zargin firijo ne ya lalata IL-2 ɗin, sai wani dattijon ma'aikacin labo ya dubi takardar aikina ya ce, "Malam, ai sai an tashi mai barci kafin a isar masa da saƙo."

Gaskiyarsa. Na ɗauki IL-2 tamkar taki ne da za a watsa shuka ta tashi, alhali saƙo ne, kuma sai mai kunne ke jin sa. Cikakken kunnen sassa uku ne, alfa da beta da gama, ƙwayar da ke hutawa kuwa ba ta da alfa, wanda ake kira CD25, har sai wani baƙon abu ya taɓa ta. Muka sake sabon zubi tare da PHA, furotin na jan wake wanda Peter Nowell ya gano a 1960 yana sa fararen ƙwayoyin jini rabuwa. Cikin kwana biyu zuwa uku suka kumbura, suka dunƙule curi-curi kamar gudajin fura a nono, ruwan ya fara komawa rawaya.

A nan darasin ya yi daɗi, domin abin da ke allo ya zama abin gani. Idan IL-2 ya zauna a kan kunnen, furotin JAK1 da ke maƙale da beta da furotin JAK3 da ke maƙale da gama sukan liƙa fosfat a jikin wani furotin mai suna STAT5, shi kuma ya haɗu biyu-biyu ya shiga cibiyar ƙwaya, ya kunna ƙwayoyin gadon rabuwa. Yakan ƙara yawan CD25, kunnen ya ƙara kaifi, amma shi ne kuma yake tayar da furotin na dangin SOCS masu taka wa saƙon birki.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na tafi Mirya suna ban sabunta musu ruwa da IL-2 ba, da na dawo ranar Litinin na ɗiga shuɗin tiripan, sai ga akasarinsu sun rine, alamar mutuwa. Sun cinye saƙon, da ya yanke suka hallaka kansu. Haka jiki yake yi bayan cuta ta kau: mafi yawan mayaƙan su mutu, kaɗan su rage masu tuna abokin gaba, wasu sitokin biyu, IL-7 da IL-15, suna riƙe da ransu.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, in aka haifi yaro ba shi da gaman fa?" Na ce mata dukan waɗannan sitokin uku, IL-2 da IL-7 da IL-15, da shi suke aiki, kuma rashinsa ne ya sa David Vetter na Tekzas ya rayu cikin kumfar roba kusan duk rayuwarsa, har ya rasu a 1984 yana da shekara 12. A zubi na uku ita na danƙa wa jadawalin sabunta ruwan, duk bayan kwana biyu.