Jirgin Sawakin a cikin baho

Asabar, Jidda

Sha biyun dare ta gota, kowa ya kwanta, ba abin da ake ji sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Bayana ya riƙe, yatsuna duk baƙin fenti, amma sai na rubuta abin da ya faru yau kafin in kwanta.

Ranar Alhamis za mu miƙa aikin zango. Malama ta ce fim na minti uku, kuma lallai a samu wuri ɗaya da za a nuna wa mai kallo abin da babu shi a gaban kyamara. Wata a ajinmu za ta sa mutum ya tashi sama, wata gobara za ta tayar a kwamfuta. Ni tun ranar da aka ba da aikin na san nawa: daren da mahaifin Kaka ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, tashar jiragen ruwa a Sudan, zuwa Jidda. Daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, ya ratsa Borno da Cadi da Darfur, ya yi shekaru yana tsintar auduga a yankin Jazira na Sudan har ya tara kuɗin jirgi. Da wannan labarin aka raine mu a gidan nan. An buɗe gidan sinima a Riyad a Afrilun 2018 bayan rufewar sama da shekara 30, an fara bikin finafinai na Bahar Maliya a nan Balad, tsohon garin Jidda, a Disambar 2021, na je na ga labaran mutane iri-iri a majigi, raina na ta cewa ina namu. Abin da ya kai ni karatun fim ke nan.

Bayan mun karya da tamis da ful muka hau saman bene, ni da ƙanina da abokiyar aikina. Koren yadin da na sayo a Balad muka ɗaure a igiyar shanya. Ƙanina ya sa farin tob, doguwar rigar nan ta maza, ya naɗa rawani, ya zauna a kan akwatin katako kamar yana gefen jirgi. Shirin shi ne in cire koren a kwamfuta, in sa teku a bayansa. A aji an gaya mana dalilin zaɓar kore: shi ne launin da ya yi nisa da fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, sannan a idon kyamarar zamani cikin kowane ƙwayoyi huɗu masu karɓar haske biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Duk na haddace wannan, na ci shi a jarrabawa.

Iskar teku kuwa ba ta bar yadin ya tsaya ba ko na minti ɗaya. Ban goge shi ba, duk layin ninki ya fito da inuwarsa. Wurin ma ya matse, maimakon yaron ya ba yadin tazarar kamar mita biyu, taku ɗaya ne tsakaninsu. Abokiyar aikina ta ce, "Anya ba za mu jira rana ta yi sanyi ba?" Na ce mata mu ɗauka kawai, a gyara a kwamfuta. Haƙƙinta ne in rubuta a nan cewa ita ce da gaskiya.

Da azahar na zuba hotunan a DaVinci Resolve, manhajar tace fim, na danna koren. Yadin ya tafi, kafaɗar ƙanina ta bi shi, da rabin hannun riga. Rana ta bugi yadin, hasken ya dawo ya kwanta a kan farin tob, manhaja kuma ba ruwanta da wanne ne yadi wanne ne mutum, kore kawai take nema. Teku na leƙowa ta ƙirjinsa. Kuncinsa inda gumi ya yi sheƙi shi ma ya huje. Na rage koren, rigar ta koma wani launi kamar toka-toka mai ja-ja. Hanyar da ta rage ita ce in zagaye jikinsa da hannu hoto bayan hoto: daƙiƙa 20, kowace daƙiƙa hoto 24, hoto 480 ke nan. Na rufe kwamfutar na kifa kaina a kai. Kalmar nan "a gyara a kwamfuta" ta cuci ɗalibai da yawa, yau ta cuce ni. Abin da ba a gyara a gaban kyamara ba, ninkinsa goma za a biya a wajen tacewa.

Kawu ne ya same ni a haka da la'asar. Kafinta ne, kuma makonni uku da suka wuce ya sassaƙa min ɗan jirgin ruwa mai filafilai don in riƙa duba siffarsa ina zane. Yana nan a kan taga. Ya ɗauko shi ya juya a hannu, ya ce, "'Yar nan, ke da kike da jirgi, me ya haɗa ki da yadi? Sa shi a ruwa mana."

Na ce, "Kawu, za a gane abin wasan yara ne."

Ya ce, "To nemo abin da ke tona masa asiri."

Nan take darasin ƙananan samfura ya faɗo min. Abin da ke tona asirin ƙaramin jirgi saurinsa ne. Babban jirgi a hankali yake tashi ya sauka saboda nauyi, ƙarami kuwa rawar kai yake yi. Maganinsa a ɗauka da sauri, a nuna a hankali, kuma akwai lissafinsa. Jirgin Kawu santimita 40 ne. Idan na ƙaddara na gaske mita 10 ne, ya ninka shi sau 25. Sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, wato 5, a ninka da 24. Hoto 120 a daƙiƙa. Wayata tana ɗaukar 120 cif. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Malama kan ce Georges Méliès na Faransa, wanda ɗan siddabaru ne kafin ya kama fim, ta cikin akwatin gilashi mai kifaye yake ɗaukar abin da yake so a ga kamar ƙarƙashin teku ne, shekara fiye da 120 da suka wuce, ba kwamfuta ba komai.

Bayan magariba muka koma sama da babban bahon wankin Umma. Na shafa wa bakinsa baƙin fenti, muka shimfiɗa baƙar leda a ciki, muka cika ruwa. Abaya biyu muka rataya a baya suka zama sararin dare. Na sa wayar a ledar da ba ta shan ruwa, na saukar da ita har ta kusa taɓa ruwan, domin in aka ɗauko daga sama baho ake gani, in aka kwanta daidai fuskar ruwa teku ake gani. Abokiyar aikina ta riƙe tocila daga bayan jirgin, ta yafa mata farin hankici don ta zama kamar farin wata, hasken ya zubo ya yi doguwar hanya a kan ruwan. Da farko fanka muka kunna don igiyar ruwa, sai ta ba mu ƙananan kurji-kurji masu bayyana ƙanƙantar wurin. Muka kashe. Kawu ya ɗauko guntun katako yana tura ruwan daga gefe, sannu-sannu, yana kiyaye kada ko ɗigo ɗaya ya fantsama, don ɗigon ruwa ba ya ƙanƙancewa, kusa da ɗan jirgin nan zai fito kamar tulu. Ƙanina na jan jirgin da baƙin zare.

Sau 14 muka ɗauka. A na 11, da na mayar da shi hoto 24 a daƙiƙa, duk muka yi tsit a kan 'yar wayar. Goshin jirgin ya ɗaga a hankali kamar mai nauyin tan da yawa, ya ɗan tsaya, ya sunkuya, hasken ya karye a gefensa ya sake haɗuwa. Filafilan ya kumbura ya saki. Ni na cika bahon da hannuna, amma cikina sai da ya juya kamar ina ciki.

Bayan isha na kai wa Kaka ɗakinta. Ta gyara tabarau, ta kalla, ta ce, "Sake." Sau uku. Sannan ta ajiye carbi ta ce, "Kishiya, ruwan ya yi. Amma wannan jirgin ba kowa a cikinsa."

Na ce ai daga nesa ne, ba za a ga mutane ba.

Ta ce, "Ba ganinsu nake nufi ba. Dubi yadda yake yawo a saman ruwa. Baba ya ce sun cika shi maƙil, ba wurin miƙe ƙafa, in ka sauke hannu kana taɓa teku. Kuma ba farin wata a daren, taurari ne kawai."

Duk lissafina na ɗazu bai kai ni nan ba. Jirgin na buƙatar nauyi har ya nutse zuwa kusa da bakinsa, hasken kuma a rage shi sosai. Kawu ya ce zai jera ƙusoshi a cikinsa. Taurarin, zan huda baƙin kwali da allura in haska ta baya. Fuskar ƙanina kuma a kusa zan ɗauka, a duhu, da abaya a bayansa, koren yadin ya koma durowa.

Da na leƙa yi mata sai da safe, na tarar ta zube ƙwallayen dabino a faranti, tana yayyaga tsohon farin mayafinta, tana naɗa wa kowane ƙwallo ɗan rawani da zare. Ta gama 19. Ta ce in bar mata fitila a kunne, kuma gobe in na dawo daga makaranta kada a sa jirgin a ruwa sai an hau da ita sama.