Yadda Sarakunan Ingila Ke Cin Zaɓe Tun Kafin Ranarsa

Abin da ya fi zauna mini a rai cikin karatun tarihin majalisar Ingila na ƙarni na 16 da na 17 shi ne, fada ba ta cika jiran ranar zaɓe ba. Tun kafin a taru take gama aikinta.

A lokacin kowace gunduma wakilai biyu take turawa, haka ma yawancin garuruwan da ke da izini. A gunduma, dokar 1430 ta ce sai mai ƙasar kansa da ke kawo masa sule 40 a shekara zai yi zaɓe. A wasu garuruwa kuwa 'yan majalisar gari ne kaɗai ke da bakin magana, kuma a bainar jama'a kowa ke faɗin wanda yake so. Izinin tura wakili ma daga hannun sarki yake fitowa. A zamanin gidan sarautar Tudor kujeru sun tashi daga 296 zuwa 462.

A 1536 mutanen Canterbury sun riga sun zaɓi wakilansu, sai ga wasiƙar Thomas Cromwell, na hannun daman Henry na Takwas. Aka soke zaɓen, aka sake taruwa, aka zaɓi waɗanda fada ke so. Charles na Ɗaya ya bi ta wata hanya a 1625: ya naɗa masu sukarsa irin su Edward Coke da Thomas Wentworth shugabannin gunduma, muƙamin da ke tilasta wa mutum zama a gundumarsa, don kada su shiga majalisa ta gaba.

Amma inda na fi tsayawa ina nazari shi ne garuruwan kansu. Sau da yawa ba a ƙwace musu kujera ba, su suka miƙa. Doka ta ɗora wa gari biyan wakilinsa sule 2 a rana, ga kuɗin hanya. Idan wani babba a fada ya kawo mutuminsa da zai ɗauki nauyin kansa, ya kuma yi alkawarin tsaya wa gari, garin da ba shi da kuɗi zai ga riba ce. Wannan ya fi damuna fiye da wasiƙar Cromwell, domin wanda aka yi wa ƙwace ya san an zalunce shi.

Majalisa ba ta yi shiru ba. A 1604, kan rikicin kujerar Buckinghamshire tsakanin Francis Goodwin da aka fara zaɓa da John Fortescue, mutumin fada, ta dage cewa ita ke da hurumin yanke hukunci kan zaɓen 'ya'yanta. Sai daga baya sarakuna Charles na Biyu da James na Biyu suka koma sauya takardun izinin garuruwa suna cusa nasu, har Landan ta rasa tata a 1683. Bayan faɗuwar James, dokar 1689 ta ce dole zaɓe ya zama na 'yanci. Duk da haka Old Sarum, kufai da kusan ba mazauna, ta ci gaba da tura wakilai biyu har 1832, a hannun masu kuɗi maimakon sarki.