Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gidan tsohuwar da muka kwashe wa tsakuwa

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na tsaya ne a inda maigida ya fara yarda ya bar ni da baro da shebur ni kaɗai a wajen aiki, bayan na shiga shekara ta biyu a koyon aikin lambu a nan Freiburg, kudancin Jamus. To yau kan wani aiki guda ɗaya zan tsaya, don har yanzu in aka tambaye ni wane aiki na fi so cikin duk abin da hannuna ya taɓa a ƙasar nan shi nake kawowa.

Sai na ɗan yi muku bayani tukuna. Akwai wani yayi da Jamusawa suka yi na shekaru, mutum ya kankare ƙasar ƙofar gidansa, ya shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri, ya zube tsakuwa a kai, shi kenan wai ya huta da cire ciyawa da ban ruwa. To a 2020 jiharmu ta Baden-Württemberg ta sa a doka cewa ba a yarda da wannan ba, saboda ƙwari da tsuntsaye ba sa samun komai a wurin, ga zafi da dutsen ke riƙewa da rani har cikin dare. Daga nan fa waya ta fara yawa a ofis, masu gida na neman a zo a kwashe musu.

A ƙarshen Agustan 2021 aka tura mu gidan wata tsohuwa, mijinta ne ya zuba tsakuwar kafin ya rasu, ita kuma tun farko ba da son ranta ba. Filin ba shi da girma amma gangare ne, yana kallon kudu, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Da muka ɗaga ledar nan wallahi sai da raina ya ɓaci. Ƙasar ta danne ta yi tauri, launinta ya koma toka-toka, tana wani wari na ruɓa, na sa shebur na juya na juya ko tana guda ban gani ba. Ni da na tashi a fadama, tun ina yaro nake bin Baba lambun albasa da tumatir, na san ƙasa mai rai tun daga ƙamshinta, wannan kam an kashe ta. Abin haushin ma ciyawar da ake gudu ta fito abinta a saman ledar, don ganye da ƙura sun taru tsakanin duwatsun sun zama ƙasa.

Tsohuwar ta ce ita gwiwa ta hana ta durƙuso, tana son abin da zai rufe ƙasa, ba ya tsayi, ba sai an yi ta shayar da shi ba, kuma ya yi fure da wuri in sanyi ya wuce. Maigida ko tunani bai yi ba ya ce tsiran kan tsauni za mu sa mata.

Su waɗannan tsirai asalinsu can saman duwatsu ne inda bishiya ma ba ta iya tsayawa. Iska mai ƙarfi, dusar ƙanƙara wata da watanni, ƙasa ƴar kaɗan a tsagar dutse. Shi ya sa ba sa miƙewa sama, sai su kwanta su dunƙule, ganye ƙanana a cushe, santimita 10 zuwa 15 tsayinsu ke nan, saiwar ce ke nutsawa can ƙasa neman danshi. Kuma da yake lokacin ɗumi gajere ne a can, da zarar ƙanƙara ta narke sai su yi sauri su zuba fure gaba ɗaya. Na gan su a gidansu da idona a watan Yulin shekarar, da ƴan ajinmu muka je Schachen a Bavaria, wani lambu ne a kan tsauni kusa da Garmisch-Partenkirchen, sama da mita 1,800, tun 1901 aka buɗe shi, kuma da ƙafa ake hawa, awanni ana tafiya. Na durƙusa na ɗora tafin hannu kan dunƙulen wani tsiro da ake kira saxifraga da ya fito daga tsagar dutse, na zaci zai yi laushi, ashe tauri gare shi, ka danna ya dawo. Gani ya kori ji.

Kala huɗu muka zaɓa mata. Aubrieta, mai fure shuɗi da sirkin ja, asalinsa duwatsun Girka da Balkan har zuwa wajen Iran. Sai phlox mai rarrafe, ruwan hoda, shi daga gabashin Amurka ya zo. Sai aurinia ruwan ɗorawa shar, da iberis fari fat wanda ganyensa ba ya zubewa ko da hunturu. Ba dukkansu ne ƴan ƙololuwar tsaunukan Alps na Turai ba gaskiya, amma halinsu ɗaya, dutse da rana suke so.

Gyaran ƙasar shi ne ya ci mana ƙarfi. Mun farfasa ta zurfin shebur, muka haɗa da yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa sosai, takin gargajiya ɗan kaɗan kawai don ƙasar ta farfaɗo. Na ce maigida wannan takin ai bai kai ya kawo ba, a wajenmu manomi da taki yake alfahari. Ya ce min in ka ƙosar da su sai su yi ganye lagwai-lagwai, fure ya ragu, hunturu na zuwa su ruɓe. Ya ce sanyi ba ya kashe su, ruwan da ke kwanciya a wuyansu shi ne ajalinsu. Wannan maganar na riƙe ta, kuma duk gidan da na je daga baya na tarar aubrieta ya mutu, in na tona sai in samu yumɓu ne a ƙasa mai riƙe ruwa. Wasu daga cikin manyan duwatsun ma ba mu zubar ba, mun binne su rabi cikin gangaren don su tare ƙasa, aubrieta kuma yana son ƙasa mai farar ƙasa a ciki, to dutsen nata irinsa ne, an dace.

A Satumba muka dasa, lokacin ƙasa na da sauran ɗumi saiwa ta kama kafin sanyi. Kusan guda 10 a kowace murabba'in mita, tazarar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, kowane kala rukuni-rukuni ba a barbaje ba. Kowanne sai na zagaye wuyansa da ƴar tsakuwa don kar ganyen ya kwanta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da muka gama wurin bai yi kyan gani ba sam, ƴan dunƙule ne nan da can, ƙasa a fili tsakaninsu. Tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce shi kenan? Na ce Mama ki ba su lokaci.

Abin da masu sayar da tsiran nan ba sa faɗa wa mutane shi ne shekarar farko aiki ne ja. Kafin su haɗe su rufe ƙasa ciyawa za ta riga su, kuma in ciyawa mai dogon jijiya ta shiga cikin dunƙulen phlox to fitar da ita sai ka yaga shi. Don haka na roƙi maigida ya riƙa sa ni a layin gidan, ina biyawa ina tsincewa tun tana ƙarama. Afrilun 2022 muna cikin azumi suka yi furen farko, ba laifi amma da sauran gibi. Da furen ya bushe wajen ƙarshen Mayu na sa almakashi na aske aubrieta da aurinia kusan rabi, tsohuwar har ta riƙe baki, ta ce ɗana me suka yi maka? Na ce in ba a aske ba tsakiyarsu ke yin sanƙo, reshen ya yi tsawo ya bushe, kuma ƙarfinsu ya tafi wajen yin iri. Cikin ƴan makonni sabon ganye ya fito a cushe. Daga abin da na yanke ma na tsira wasu a ƙananan tukwane da yashi, da kaka na cike gibin da su ba tare da ta sake kashe ko sisi ba.

Ranar ƙaramar sallar 2023 bayan an sauko idi na biya ta layin da kayan sallata a jiki. Jama'a, gangaren nan gaba ɗaya kamar an shimfiɗa darduma, shuɗi ya zubo ta kan duwatsu, ruwan ɗorawa a sama, farin a gefen matakala, ƙasa ko tafin hannu ba ka gani. Ƙudan zuma kuwa tun daga bakin titi kake jin kukansu. Na sa yatsa na ɗaga gefen wani dunƙule, ƙarƙashinsa da sanyi da danshi, ga tana nan tana motsi. Tsohuwar ta ce duk ranin da ya wuce sau kaɗan ta ɗauki butar ban ruwa, maƙwabta biyu kuma sun karɓi lambar ofis.

Na tura wa Yaya hoton, ya bugo nan take wai in sako masa irin a kaya zai shuka ƙofar gida. Na ce Yaya ka yi haƙuri ba rowa ba ce, waɗannan sai sun sha sanyin hunturu suke yin fure yadda ya kamata, zafin Afrilunmu da ruwan Agusta ba za su bar su ba, asarar kuɗi kawai za ka yi. In rufe ƙasa kake so don kar ruwa ya ci gaba da cin bakin katangar nan, ka je wajen masu sayar da fulawa na bakin titi ka nemi masu rarrafe da suka saba da ƙasarmu, ka gyara hanyar ruwan tukuna kafin ka dasa komai. Ya ce to, amma na ji a muryarsa bai ji daɗi ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin jarrabawar ƙarshe, inda aka jera mana tsirai a kan tebur aka ce kowa ya faɗi sunansu da Latin.