Gyaran kwamfuta daga Agege, ba tare da na hau danfo ba

Wata Laraba na rufe shagona a Agege da ƙarfe tara na safe na kama hanyar Alaba Rago, saboda wani Alhaji mai harkar raguna ya kira ni hankali a tashe, wai firintarsa ta ƙi fitar da rasit. Ban isa ba sai bayan azahar. Da na zauna gaban kwamfutar, aikin ko minti biyar bai kai ba: yaronsa ne ya canja firintar da ake aika wa takarda, na mayar da ita, shi ke nan. Sai bayan isha'i na dawo gida, kuɗin mota ya cinye rabin abin da aka sallame ni da shi. A cunkoson Iyana-Ipaja na ƙudura cewa dole in koyi shiga kwamfutar mutum daga inda nake zaune.

A Computer Village ta Ikeja na koyi gyara, kuma a can, in dai manhajar shiga kwamfuta daga nesa ce, kowa TeamViewer da AnyDesk ya sani. Da su na fara, suna da sauri, ba su da wuyar sha'ani. Amma da na karanta sharuɗɗansu sai na ga amfani da su kyauta na amfanin kai ne, kamar ka taimaki ɗan'uwa ko aboki, ban da wanda ake biyansa ladan aiki. Ni kuwa da wannan sana'ar nake ciyar da iyali. Zuciyata ba ta kwanta da in ci kuɗi da abin da masu shi suka ce ba na kasuwanci ba ne, don haka na bar su ga 'yan'uwa, na nemi wasu.

Wanda na fi riƙewa yanzu shi ne Quick Assist na Microsoft, domin yana zuwa da Windows 10 da 11. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin koya wa dattijo sauke manhaja ta waya, a tsakiyar hayaniyar kasuwar Mile 12, ya san abin da nake nufi. A nan kuwa cewa kawai nake yi, "Ranka ya daɗe, danna Ctrl, da maɓallin nan mai hoton taga, da harafin Q, duka a tare." Sai in karanto masa lamba mai gurbi 6 da ta fito a wajena, wadda ke mutuwa bayan minti 10. Ya rubuta, ya yarda in ga allonsa, sannan in nemi izinin riƙe linzamin, ya sake yarda.

Ranar farko da na yi wa Alhajin Alaba Rago haka, da ya ga kibiyar tana yawo ita kaɗai, sai na ji ya yi salati. Ya ce, "Ɗana, kai ne kake motsa ta?" Na ce, "Ni ne, Baba. Kuma duk lokacin da ka ga dama, ga inda za ka danna ka kore ni." Na sa ya gwada, ya kore ni, muka sake haɗawa. Tun daga ranar ba na fara aiki da kowa sai na nuna masa wannan maɓallin.

Akwai inda allon nawa ke yin baƙi, wato idan Windows ta tambayi izinin mai gida kafin a girka wani abu. Ni ba na ganin tambayar, sai mai kwamfutar ya amsa da hannunsa. Da farko na ɗauka intanet ne ya yanke, na yi ta sake haɗawa a banza. Yanzu nakan roƙi mutum kada ya tashi daga wajen sai mun gama.

Idan kwamfutar Mac ce, Chrome Remote Desktop na Google nake amfani da shi. Shi kuma mai neman taimakon ne zai karanto maka lamba mai gurbi 12, kuma minti 5 take yi ta lalace, don haka nakan ce a ɗauki hotonta a turo ta WhatsApp, ya fi a yi ta maimaita "bakwai ko takwas?" Ga shagunan da nake kula da su duk wata, RustDesk na sa musu, wanda lambobin gininsa a buɗe suke ga kowa, har mutum na iya kafa sabarsa, wato kwamfutar da ke haɗa ɓangarorin biyu.

Wuta da intanet su ne ciwon kai. Idan wayar da ke bai wa kwamfuta data ita ce kuma muke magana da ita, sau da yawa hoton sai ya daskare, shi ya sa nake cewa a kira ni da wata. Kwamfutar da ta ƙi tashi gaba ɗaya kuwa, ba makawa sai an kawo ta ko na je.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai shafi na'ura ba. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Idi-Araba, wadda na saba yi wa gyara daga nesa, ta kira ni wata Juma'a da yamma. Ta ce, "Malam, wani ya bugo wai daga banki, ya ce in buɗe irin abin nan da kake shiga da shi zai gyara mini asusu. Na ce bari in tambaye ka tukuna." Gabana ya faɗi. Ni na saba mata da buɗe wannan ƙofar, kuma ban taɓa gaya mata cewa ɓarawo ma ta nan yake shiga ba. Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a watan Mayun 2024 cewa 'yan damfara na kiran mutane da sunan masu gyara, su sa su buɗe Quick Assist. Allah ne ya kiyaye ta, ba dabarata ba.

A daren na bi duk waɗanda nake yi wa aiki, ɗaya bayan ɗaya, na aika musu saƙon murya: banki ba ya neman shiga kwamfutarka ko wayarka, kuma ko da sunana aka kira ka, katse ka bugo lambata da ka sani. Na kuma ɗora wa kaina ƙa'ida. Kafin in shiga, sai mutum ya rufe shafin bankinsa da hotunan iyalinsa. Kalmar sirri shi zai rubuta da hannunsa. Ba na barin manhajar da za ta ba ni damar shiga ba ya nan, sai mai shago ya nema da bakinsa.

Makon jiya Hajiyar ta turo saƙo, Excel ɗinta ya ƙi buɗe lissafin bashi, sai na kira ta. Na karanto mata lambar, sai ta ce, "Tsaya, Malam. Bari in katse in kira ka da kaina." Ta katse, wayata ta yi ƙara, sannan muka fara.